Yayen Dogara

A wani ƙauye da ke gindin dutse akwai wata tsohuwa gwauruwa, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ba ta da yawan magana da manya, amma in ta samu jikokinta bakinta ba ya rufuwa. Biyu ne kusa da ita, 'ya'yan autanta da ke zaune da matarsa Afiniki a ɗaya gefen ƙauyen. Babbar ita ce Bege, 'yar shekara biyar. Ƙanenta Dogara kuwa bai cika shekara biyu ba.

Bege kusan kullum a gidan kakar take wuni. Tare suke sharar tsakar gida, tsohuwa na tarawa yarinya na watsawa. Tare suke zuba wa kaji tsaba, su ba awaki dusa. In an zauna ɓarar gyaɗa, ɗaya a ƙwarya, biyu a bakin Bege, har kakar ta ce, "Ke dai ɓera ma ya fi ki tausayi." Dogara kuwa in aka kawo shi, sai ta ɗaga shi sama tana cewa, "Oyoyo angona! Yau ma hannu wofi ka zo, ko cefane babu? Na shiga uku da wannan miji." Yaro ya yi ta dariya yana jan ɗankwalinta.

Sai dai Dogara bai san komai ba sai nono. A ba shi kunu ya kau da kai, a sa masa tuwo a baki ya tofar. Ana nan sai Afiniki ta sake samun ciki, ciwo kuma ya kwantar da ita. Ta rame, nonon ya janye, ɗan abin da ke fita ba ya ƙosar da yaron. Shi ma ya fara ramewa, wuyansa ya yi siriri. Ungozoma ta zo ta duba, ta ce, "A yaye yaron nan. In ba haka ba, mutum uku za ku kwantar: uwa, da na ciki, da na goye."

Sau biyu aka gwada yayen a gida. Afiniki ta shafa maɗaci a nono, yaro ya ji ɗaci ya tsala ihu, kafin rana ta yi tsaka ta wanke ta ba shi. Kada ku zarge ta, uwa ce.

Ranar wata Litinin da safe tsohuwa ta ɗauki zanen goyo da majanyi ta tafi gidan ɗanta. Ta ce, "Ku ba ni shi. Tun kakanni a ɗakin kaka ake yaye. Amma ku ji ni da kyau: in na ɗauke shi, ba zai dawo ba sai ya ci tuwo da hannunsa. Kada wani ya zo mini ƙofa da hawaye." Suka ce sun yarda. Yarda da baki ai ba ta da wuya.

Ranar farko, wayyo! Dogara ya yi kuka har kaji suka bar gidan. Ta dama masa kunun gyaɗa mai daɗi, ta kai ludayi bakinsa, ya sa hannu ya buge, kunu ya wanke mata fuska. Bege ta faɗi ƙasa don dariya. Tsohuwa ta share fuska da bakin zane ta ce, "Ango ya yi fushi, to, ba a tilas." Ta ba shi ruwa ya sha, ta goye shi. Da shi a baya ta yi surfe, da shi ta je rijiya, da shi ta hura wuta. Yana dukan bayanta, yana cizon kafaɗarta, ba ta sauke shi ba.

Rana ta biyu kukan ya koma na gajiya, muryarsa ta dushe. Maƙwabciyarta ta leƙo ta saman danga ta ce, "Haba Iya, wannan ai zalunci ne. Ki mayar da yaro wurin uwarsa mana."

Tsohuwa ta ce, "Ba zan mayar ba."

"To ki yi masa ɗura. Ki kwantar da shi a cinya, ki toshe hancin, ki zuba kunun. Haka muka yi wa namu."

"Jikana ba tulu ba ne da zan cika. Na ga yaron da ɗura ta shaƙe, da idona. In na ɗura masa yau, gobe fa? Ki koma ga tukunyarki, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Maƙwabciya ta ja tsaki ta tafi. Kafin la'asar magana ta kai bakin rijiya, cewa tsohuwar nan ba ta da imani, za ta kashe ɗan mutane da yunwa. Wannan bai dame ta ba ko kaɗan. Abin da ya soke ta shi ne da Bege ta zo ta tsaya a gabanta, ba dariya yanzu, ta ce, "Kaka, ba kya son Dogara ne?"

Tsohuwa ta ce, "Da ba na sonsa, da tun jiya na mayar da shi na huta. Je ki kawo masa ruwa."

Rana ta uku, gari na wayewa, sai ga autanta ya shigo ransa a ɓace, ko gaisuwar kirki bai yi ba. Ya ce, "Inna, ya isa haka. Afiniki ba ta ci ba, ba ta sha ba, sai kuka. Mutane sai magana suke. Ki ba ni ɗana."

Tsohuwa ta tashi ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki, yaron na bayanta. Gajeriya ce, ɗan nata ya fi ta tsawo nesa, amma ta cika ƙofar nan. Ta ce, "Ɗanka ne, ban musa ba. Zo ka tsallake ni ka kwance shi."

"Inna, ba haka nake nufi ba."

"To me kake nufi? In ba ka shi ka kai wa marar lafiya ya tsotsi abin da babu? Yau ya yi shiru, ku ji daɗi, bayan wata guda ku ɗauko mini shi ba ya iya ɗaga kai? Ahir ɗinka, Auta! Kai ma haka aka yi maka. Kwana huɗu ka yi kana ihu a ɗakin uwata, ni ina bayan danga ina cizon zane don kada ka ji muryata. Ga ka nan ƙato da gemu, ka zo kana ɗaga mini murya. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Je ka gaya wa matarka yana shan ruwa, idona na kansa. Ranar da ya ƙi ruwan, ni da ƙafata zan kai shi wurin masu magani. Amma nono, ya sha na ƙarshe."

Auta ya tsaya yana kallon ɗansa, ɗan yana miƙo masa hannu. Ya juya da sauri ya fita, yana share ido da hannun riga.

Kada ku ɗauka tsohuwar ba ta ji tsoro ba. Ta ji, sosai. Tana shiga madafa sai ta dafa bango ta ce, "Ya Ubangiji, na yi taurin kai a gaban mutane. In ni ce na yi kuskure, kada yaron nan ya ɗauki alhakina. Ka buɗe masa baki."

Da hantsi ta ɗumama tuwon dawa da miyar kuka, ta zuba man shanu, ƙamshi ya cika gidan. Ta shimfiɗa tabarma, suka zauna ita da Bege, Dogara na goye a bayanta. Ko tayi ba ta yi wa Dogara ba. Ta ce da ƙarfi, "Ci, Bege. Wannan ba na ango ba ne, na manya ne." Suka yi ta ci tana santi. Can ta gutsuro 'yar loma, ta dangwali miya, ta ɗaga kamar za ta kai baki, sai ta tsaya da hannun kusa da kafaɗa tana ba Bege labarin wata akuya mai satar dusa. Tana cikin labarin ta ji wani ɗan hannu ya zo ta saman kafaɗarta ya fizge lomar.

Bege ta zaro ido, ta buɗe baki za ta yi ihu. Kakar ta harare ta, ta ce ƙasa-ƙasa, "Kul! Kalli kwanonki." Ta ci gaba da labarin akuya kamar ba ta san komai ba. Ta sake gutsuro loma ta ɗaga, aka sake fizgewa. Sai da aka fizge bakwai. Hawaye na zuba a fuskar tsohuwa, bayanta duk ya ɓaci da miya, amma ba ta waiwaya ba sai da ta ji ya yi gyatsa.

Ta riƙe shi har ƙarshen mako. Ranar Lahadi ta goyo shi zuwa sujada, yana riƙe da guntun dankali yana gatsa. A ƙofar majami'a ta kwance shi ta miƙa wa uwarsa. Afiniki ta durƙusa tana kuka. Tsohuwa ta ce, "Tashi, 'yata. Ku biyu aka yaye."

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi, mai kunnen ji ya ji.

Yaron nan mu ne, ni da ku. Nono kuwa shi ne abubuwan da Ubangiji ya shayar da mu sa'ad da muke jarirai cikin bangaskiya. Ka roƙa yau ka samu gobe. Uwarka ta yi maka addu'a kana barci. Fasto ya tauna Maganar Allah ya sa maka a baki. Ba mugun abu ba ne, nono ya yi amfani a lokacinsa. Amma rana tana zuwa da ba zai ƙara riƙe ka ba, wanda ya nace masa kuwa ramewa zai yi. Tuwon shi ne Maganar da za ka buɗe da kanka, da addu'ar da za ka durƙusa ka yi da bakinka, da biyayya a ranar da babu daɗi a cikinta.

Kakar kuma misalin Ubangiji ce. Ku lura da abin da ta ƙi. Ta ƙi mayar da yaron baya, ta kuma ƙi yi masa ɗura. Haka Allah yake da mu. Ba zai mayar da kai jiya don ka yi kuka ba, ba kuwa zai toshe maka hanci ya zuba maka bangaskiya ba. Zai kawo abincin kusa, ya jira hannunka.

Zan faɗi wata magana, wanda zai yi fushi ya yi, ba zan ba shi haƙuri ba. Akwai masu shekara ashirin da baftisma a cikinmu da har yau goyo suke nema. Ɗan ciwon kai, a kira fasto. Addu'a ta yi jinkiri wata biyu, sai a ɗauki takalmi a fara yawo gida-gida ana neman mai addu'ar da zai ba da nono. Haba! Ga gemu, ga furfura, ana tsotso? Littafi Mai Tsarki yana ɗaki ƙura ta rufe shi, mutum yana cewa Allah ba ya yi masa magana.

Ku kuma kakanni da iyaye, ku tsaya a bakin ƙofa kamar tsohuwar nan. Za a yi da ku a bakin rijiya, a ce ba ku da tausayi don kun hana yaro abin da yake so. A yi ta faɗa. Wataƙila ma jikar da kike ji da ita ce za ta tambaye ki ko kin daina ƙauna. Wannan zai yi zafi, na sani, ni ma an tambaye ni. Ki shiga madafa ki yi kukanki a gaban Ubangiji, ki wanke fuska, ki fito ki ci gaba da tsayuwa.

Amma akwai wani a cikinku da ya zo yau muryarsa ta dushe. Abin da ka saba samu an janye, ka roƙa ka roƙa shiru, har ka fara cewa a zuciyarka Allah ya yashe ka. Ɗan'uwana, ba na raina kukanka. Ka dai duba inda kake yin sa. Wanda kake duka, wanda kake cizo, shi ne yake ɗauke da kai kwana uku ɗin nan, bai kuwa ce ya gaji ba. Yi ihunka, ba wanda ya hana ka. Ba zai sauke ka ba, nonon kuma ba zai dawo ba. Miƙa hannu ka ci.