Matan da Suka Ɓata wa Kuluwa Zaman Makoki

Ku matso kusa, kowa ya aje abin da ke hannunsa. Wannan ba irin tatsuniyar da ake ji a yi hamma a watse ba ce. In na kai ƙarshe akwai shari'a, kuma ku za ku yanke ta.

A wani gari da ake kira Tudun Kalgo an yi wata mace, Kuluwa mai daddawa. Mace ce da ba a taya mata kaya sau biyu. In ta faɗi kuɗin daddawarta, ko ka biya ko ka ƙara gaba, ba ta taɓa kiran mai saye ya dawo ba. Shekara talatin tana zama a gindin tsamiyar kasuwa, ba wanda ya taɓa tauna tsakuwa a miyar da aka kaɗa da daddawarta. Mijinta ya daɗe da rasuwa, da tukunyar nan ta ciyar da 'ya'ya biyar ba ta miƙa wa kowa hannu ba.

Ɗanta na fari sunansa Haladu. Kun dai san yadda iyayenmu suke da ɗan fari. Tun ranar da aka raɗa masa suna bakinta bai taɓa furta shi ba. "Yaron nan" take cewa, har ya yi gemu ya yi aure yana yaron nan. In ya zo gaishe ta da safe ya durƙusa daga bakin ƙofa, sai ta amsa tana kallon murhu. Amma curin da ya fi kyau a kowace tukunya gidansa ake kai shi, kuma ba a cewa daga wa.

Wata damina, ranar Talata da hantsi, Haladu yana gyaran katangar gidansa da ruwa ya jiƙa, sai ta rufto masa. Kafin a tono shi ya cika.

Da aka zo faɗa wa Kuluwa, tana tsakar gida tana wanke dafaffiyar kalwa. Ta yi innalillahi, ta ɗauraye hannu, ta shiga ɗaki ta zauna. Ta ji kukan ya taso mata tun daga cibiya har ya iso maƙogwaro, sai ga mata sun fara shigowa. Uwa ta yi wa ɗan fari kuka a gaban jama'a? Ta haɗiye shi. Ta ce a ranta, bari su tafi tukuna.

Ina za su tafi, gidan mutuwa ne. Waɗannan su fita, waɗancan su shigo, kuma kowacce da yabo a bakinta. "Kai, Kuluwa akwai tawakkali." "Ko ɗigon hawaye fa! Irin waɗannan matan an daina yin su." Kowane yabo kamar an ƙara ɗora dutse ne a kan murfin tukunya. Mace mai ji da kanta, an ce mata jaruma ya fi sau ɗari, ta yaya za ta buɗe baki ta ƙaryata mutane? Bayan sadakar uku ɗaki ya ɗan yi sauƙi, ta nemi kukan nan da ta ajiye, ta rasa shi. Ya daskare mata a ƙirji.

Daga nan magana ta ɗauke. Abinci kuwa in an kai mata baki sai ta kau da kai. Aka kai ta asibiti aka ƙara mata ruwa, likita ya ce shi bai ga ciwo ba. Aka yi rubutu, aka yi addu'a. Salla kaɗai ke ta da ita, daga baya ita ma sai a zaune. Ranar sadakar bakwai 'ya'yanta suka fara yi wa juna irin kallon mutanen da za su yi makoki biyu a gida ɗaya. Ita ma ta san tafiya take yi, kuma abin bai dame ta ba. Ba ta jin baƙin ciki, ba ta jin tsoro, ba ta jin komai.

Ta farko da ta zo, a rana ta tara, Sahura ce, ita ma mai daddawa, wadda suka shekara ashirin suna harara a kasuwa. Ta tarar da ɗaki cike da mata ana jan carbi. Ba ta ko zauna ba.

Ta ce, "Kuluwa, ba gaisuwa ta kawo ni ba, wannan na riga na yi. Na zo in shaida miki na mai da faifaina gindin tsamiya. Masu sayenki na birni sun zo, na kuwa gaya musu gaskiya, na ce dama can waken suya kike haɗawa da kalwa, shi ya sa taki take auki."

Carbin wata ya suɓuce ya faɗi. Wata ta dafe ƙirji ta ce, "La'ilaha illallahu! Sahura, a gidan mutuwa?"

Kuluwa ta ji kunnuwanta sun ɗauki zafi. Zafin ya gangaro wuya, ya bi hannuwa, ya sauka har yatsun ƙafa. Kwana tara ba ta san tana da jiki ba sai a lokacin. Ta dafa bango ta miƙe, murya a dushe kamar ƙyauren da ya yi tsatsa.

"Ni? Ni Kuluwa, waken suya? Ke da ƙuda ma tsallake faifanki yake yi? Wallahi in na tarar da shi a wurina, a kwata za ki tsince shi!"

Sahura ta ce, "Sai ki zo ki watsar ɗin mu gani." Ta juya ta fita, 'yar Kuluwa na bin ta da muciya.

Tun daga ranar baki ya buɗe. Tana magana, tana faɗa, tana tambayar wa ya ce a taɓa mata tukwane. Amma abinci ko loma, ta ce maƙogwaronta a rufe yake. Tana ta ramewa, fushin ma ya fara ƙarewa don ba abin da zai ci.

Ta biyu, a rana ta goma sha ɗaya, Furera ce, 'yar kawunta, wato taubashiyarta. Tun suna yara Furera ke kiran ta baiwa, kamar yadda 'yar namiji ke yi wa 'yar mace. Amma wasan taubasai ma ai yana da rana. Furera ta shigo da igiya a hannu tana baza ido.

"Ina baiwar tawa? An ce kina shirin gudu ba ki sallami uwargijiyarki ba. Miƙe sosai in auna ki. Alawayyo ya yi tsada, ba zan yanko likkafani ya yi saura ba."

Ta kuwa durƙusa ta shimfiɗa igiyar nan tun daga kan Kuluwa har ƙafa. Mata suka kama salati. Wata dattijuwa ta ce, "Furera, ki ji tsoron Allah!" Furera ko a jikinta, ta ce, "Alhamdulillahi ta rame, an rage mini asara." Ta waiwaya ta ga ƙwaryar fura da nono da aka dama wa Kuluwa tun safe, ta jawo ta gabanta ta ce kayan baiwa na uwargijiya ne. Ta shiga ɗirka ludayi bayan ludayi, ga ta ba haƙoran gaba, nono na bin haɓa. Garin sauri ta ƙware. Ta yi wata irin atishawa, fura ta fito mata ta hanci, ɗankwali ya yi nasa wuri.

Kuluwa na kallo, sai ta ga Furera 'yar shekara bakwai a bayan rumbun kakarsu, ta saci fura ranar wani suna, an kama ta tana fitar da ita ta hanci kamar haka. Wani abu ya taso wa Kuluwa kamar tari. Kafin ta danne shi ya zama dariya, dariya har da riƙe ciki, a ɗakin da ɗanta bai cika sati biyu a ƙasa ba. Matan da ke wurin suka rasa wadda za su kalla da mamaki, mai wasan ko mai dariyar.

Kuluwa ta ce, "Ba ni ƙwaryata, haɗamammiya. Ko a gidan mutuwa ba ki bar hali ba." Ta fizge, ta sha ludayi uku don kawai kada Furera ta shanye. Na huɗu kuwa don yunwa ta sha shi.

Ci ya dawo, kaɗan-kaɗan. Amma barci ya ƙi zuwa, kuma dutsen nan yana nan a ƙirji. In ta yi taku biyar sai ta tsaya neman numfashi. Ƙafafu suka fara kumbura. Masu ido suka ce tana magana, tana ci, amma har yanzu ba ta dawo ba.

Ta uku, a rana ta goma sha huɗu, Iya Saude ce, ungozomar da ta karɓi haihuwar Kuluwa duka biyar. Ta tsufa tukuf, ta yi shekara ba ta ƙetare rafin da ya raba unguwarsu da ta Kuluwa ba saboda gwiwa, amma ranar da sanda ta tako. Ta zauna gab da Kuluwa ta huta, sannan ta ce, "An ce mini an yi miki rasuwa. Wanne ne?"

Ba wanda bai san ta sani ba. Kuluwa ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaron nan ne, Iya."

"Maza uku na yanke wa cibiya a ɗakinki. Wane yaron?"

"Babban."

"Ni duk ƙanana na san su."

Wata maƙwabciya ta yi saurin cewa, "Iya, ai Haladu ne." Tsohuwa ta buga sanda a ƙasa ta ce, "Ke kika yi naƙudarsa?" Ta koma kan Kuluwa. "Kwana biyu kika yi a durƙushe a kansa, har kika cije ni a hannu. Da ya faɗo kika juya fuska bango wai kunya. Amma na ga hannunki ya lallaɓo ta ƙarƙashin zane ya kama ƙafarsa. Shekara arba'in ban faɗa wa kowa ba. Ba zan tashi daga nan ba sai kin gaya mini wanda ya rasu."

Mata suka fara rufe fuska da mayafi, wasu suka sulale waje. A tilasta wa uwa ta kira sunan ɗan fari a bainar jama'a, wannan ko a faɗa ba a yi.

Kuluwa ta buɗe baki ta rufe. Ta sake buɗewa. Sunan ya yi mata nauyi a harshe kamar ba da Hausa aka yi shi ba. Ta ce, "Haladu." Sai ta ji ashe haka yake, ashe sunan mai daɗin faɗi ne, ashe shekara arba'in yana bakinta kyauta ba ta taɓa shi ba, yau kuma ta kira babu mai amsawa. Ta sake cewa, "Haladu." A na uku abin ya ɓalle. Har mahauta a bakin kasuwa sai da suka aje wuƙa. Wata ta ce a hana ta, ba kyau. Iya Saude ta ce, "Hawaye ne, ba saɓo ba. Ku bar ta." Daga hantsi har la'asar tana kuka a cinyar tsohuwa, daga nan barci ya kwashe ta sai washegari. Da ta farka ta nemi tuwo, ta ce a fito mata da kalwa a shanya.

To, kowaccensu ta ɗanɗana kuɗarta. Sahura sai da ta yi wata guda mata ba sa amsa gaisuwarta, daddawarta na bushewa a faifai. Ita ta ce da gangan ta yi, don ta san ba abin da zai ta da Kuluwa sai a taɓa sana'arta. Wasu kuma suka ce ai da gaske ta ci kasuwa biyu a gindin tsamiyar, kuma ba ta ƙi ba. Furera mijinta ya yi mata tas, 'ya'yan Kuluwa suka ce kada ta ƙara taka musu gida. Wasu suka ce ita dama halinta ne, ko ba ta yi niyya ba haka za ta yi, amma an ga idonta jawur lokacin da take naɗe igiyar. Iya Saude kuwa daga wannan tafiya gwiwa ta kwantar da ita ba ta ƙara fita ba. Sai dai ta tona sirrin ɗakin haihuwa, abin da ungozoma ba ta yi, kuma ta karya wa Kuluwa kunyar da ta tsare shekara arba'in. Har yau in Kuluwa ta haɗu da matan da ke ɗakin ranar, sai ta kau da kai.

Bayan wata biyu matar Haladu, da ya bari da ciki, ta haifi 'ya mace. Ana gobe suna ƙanin Haladu ya zo ya durƙusa ya ce, "Inna, uban yarinya ba ya nan. Ke za ki zaɓa." Kuluwa ta ce ita sunan wadda ta dawo da ita duniya za a sa wa yarinyar. Sai ta tsaya. Da Sahura ba ta fusata ta ba, da Furera ta tarar da wadda ba ta ji ba ta gani. Da Furera ba ta sa ta dariya ba, da yunwa ta ɗauke ta kafin tsohuwa ta ƙetaro rafi. Da Iya Saude ba ta sa ta kuka ba, da maganar da cin duk ƙarin kwanaki ne kawai. Mata uku, yarinya ɗaya, ga rago a ɗaure, ga liman yana jira da safe.

To, ku da kuka ji: mai fusatarwa, mai ban dariya, ko mai sa kuka, sunan wa za a raɗa wa yarinyar nan?