Ƙararrawar Baba Filibus

Akwai wata budurwa mai suna Phoebe, tela ce a Narayi. Har yau tana tuna ranar da ta fara ganin Baba Filibus cikin ciwonsa, a shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula.

Wata Talata ce da tsakar rana, sai ga ƙararrawar cocinsu tana tashi. Ƙararrawar tsohon wilin babbar mota ne, an rataye shi a bishiyar mangwaro. A unguwar kuwa, in aka buga ta ba ranar sujada ba, to gobara ce ko tashin hankali. Mata suka bar tukwane a wuta suka fito a guje, har da Phoebe.

Sai suka tarar da tsoho Baba Filibus shi kaɗai, cikin kwat ɗinsa na Lahadi, da ƙarfe a hannu. Ya dubi Phoebe ya ce, "'Yata, kin makara. Zauna mu yi addu'a."

Tun kafin a haife ta shi ke buga ƙararrawar. Yanzu ciwon mantuwa ya kama shi, ko ɗansa Jethro ba ya ganewa.

Dattawan coci suka ce a daina kawo shi. Jethro ya ɓoye ƙarfen. Daga nan Baba ya yi shiru, abinci ma sai an lallashe shi.

Abin ya tsaya wa Phoebe a rai, ta dama kunu ta kai masa, ta ce wa Jethro ya kamata a mayar da shi coci.

Jethro ya ce, "Sista, me zai ƙaru da shi a coci? Ko Fasto bai sani ba."

Ta ce, "Kai da ka san Fasto, ba a wa'azinsa kake gyangyaɗi ba?"

Ya fashe da dariya.

Ta je ta roƙi dattawa su ba shi Lahadi ɗaya. Ƙarfen zai riƙa kwana a shagonta, ita za ta kawo Baba a kan lokaci. Da ƙyar suka yarda.

Ran Lahadi ta sa masa ƙarfen a hannu. Ya buga tsaf, yadda unguwa ta saba ji. Da aka ɗauko waƙa, ya rera ta har ƙarshe ba littafi. Jethro ya sunkuyar da kai yana share ido. Da aka tashi, dattawa da kansu suka zo suna gaishe shi.

A hanyar gida Baba ya taɓa kafaɗar Jethro. "Saurayi, ban san ka ba, amma kada ka bari yarinyar nan ta wuce ka."

Jethro ya ce, "Na ji, Baba." Phoebe ta kau da kai tana murmushi.

Sai tsohon ya juyo gare ta. "Za ki dawo?"

Ta daɗe da amsar a zuciya, yau ta furta. "Zan dawo, Baba. Duk Lahadi, muddin kana raye, ni zan kawo ka gidan Ubangiji."

Darasi: Mai mantuwa yana iya manta sunanka, amma zuciyarsa tana nan da ƙishin Allah. Kada ka raba shi da sujada don kunya ko gajiya, ka sauƙaƙa masa hanya. Tura wannan ga duk mai kula da tsoho a gida.