Butar Bayan Teburin Babandi

Akwai wata ma'aikaciyar jinya a wani ƙaramin asibiti a Akurba, sunanta Francisca. Mace ce da ba ta iya ɓoye abin da ke ranta, in abu ya ɓata mata rai a fuskarta za ka gani.

Cikin wata guda 'yan dako shida suka zo mata da ciwo iri ɗaya: hannu na rawa, zuciya na dukan uku-uku, barci ya ƙaurace wa ido. Dukkansu a tashar motar Obi suke lodin doya da shinkafa.

Na bakwai shi ne Ortese, mai 'ya'ya huɗu, wanda ba shi da abin ciyar da su sai ƙarfin kafaɗarsa. Da ta auna jininsa, sai da ta sake aunawa don ba ta yarda da abin da ta gani ba.

Ta ce, "Ortese, me kake sha?"

"Sista, shayi ne kawai. Na Babandi, na butar baya. Ka sha kofi biyu, buhu hamsin ba komai ba ne."

Washegari da safe ta nufi tashar. Ta tarar da Babandi mai shayi tsugune bayan teburinsa yana haɗi. A gabanta ya juye ƙullin garin gahawa goma a buta, ya bi da gwangwani uku na lemon ƙara kuzari da garin busasshen goro. Sannan ya marmasa ƙwayoyin ciwon kai da gindin kofi, ya lakace da yatsa ya zuba. Ƙyama ta kama ta har sai da ta kau da kai.

Ta ce, "Malam Babandi, duk abubuwan nan sinadari ɗaya ne a cikinsu, kafeyin. Ba ƙarfi yake ba mutum ba, gajiya yake ɓoyewa. Binciken likitoci ya nuna ko mai lafiya kada ya wuce kamar kofi huɗu na gahawa a yini, balle mai hawan jini."

Babandi ya tuntsire da dariya. "Madam, ke kin yi boko, mu mun yi tasha. Wa na ɗaure na ɗura masa? Su ke roƙona."

Ta koma kan Ortese, ta roƙe shi ya daina. Ya gwada kwana biyu, kansa ya yi kamar zai tsage, abokan aiki suka wuce shi a lodi. Rana ta uku ya koma bencin Babandi.

Wata ranar kasuwa da hantsi ya yanke jiki ya faɗi da buhun shinkafa a ka. Allah Ya sa da sauran kwana. Amma likita ya ce hawan jini ya riga ya raunana zuciyarsa, haɗin nan ya ƙarasa ta, ba shi ba ɗaukar kaya har abada.

'Yan dako suka ɗunguma wurin Babandi, Francisca na biye da su. Shugabansu, Ugondo, ya cika kofi daga butar ya miƙa masa.

"Oga, tunda ka ce ba komai, sha mu gani."

Babandi ya ja da baya yana kaɗa hannu. "Ni? Ku rufa mini asiri! Ina da hawan jini, tun bara likita ya hana ni gahawa."

Ashe ya sani sarai!

Ba wanda ya taɓa shi. Ugondo ya tofar da yawu, ya kifar da butar a kwata.

Daga nan ko ƙuda ya fi mutane yawa a bencin Babandi. Bayan mako biyu ya kwashe komatsansa ya bar tashar, ba mai yi masa Allah Ya kiyaye hanya.

Sai dai tafiyarsa ba ta mayar wa Ortese kafaɗarsa ba. Yau yana zaune a ƙofar gida, yana kallon matarsa na fita dakon da ya bari.

Darasi: Abin da ba za ka iya kai wa bakinka ba, kada ka miƙa wa ɗan'uwanka, domin Allah na gani. Kai kuma mai neman na abinci, jikinka in ya gaji hutu yake nema, ba haɗi ba. Tura wa direba ko ɗan dakon da ka sani wannan labari, wataƙila ka ceci ran wani.