Yatsun Malam Jatau

An yi wani mutum a wani gari, wani bawan Allah ana ce masa Malam Jatau. Tsohon magini ne, siminti ya cinye masa yatsu, sun yi kauri, sun yi kaushi.

To, ku saurara. A garin nan wasu matasa suka haɗu suna ƙera manhajar waya saboda ungozomomin ƙauye, su riƙa ajiye sunan mai juna biyu da ranar awonta. Kyauta ce, kuma a buɗe take, duk wanda ya iya rubutun kwamfuta sai ya sa hannu. Malam Jatau ko alif bai sani ba a wannan rubutu. Amma ya roƙa aka saka shi a zaurensu na hira a waya. Duk abin da suka fitar sai ya gwada, ya aiko da saƙon murya: "'Ya'yana, ban gane ba." Su gyara, ya sake gwadawa: "Ban gane ba." Har suka laƙaba masa Baba Ban-gane-ba. Shi ko a jikinsa. Son zauren nan yake yi, don tun rasuwar matarsa babu inda ake amsa masa magana kamar can.

Ana jibi za a miƙa wa ungozomomi manhajar, ya je zai danna wurin ajiye suna, yatsa ya zame ya taɓa na gogewa, don manne suke da juna. Suna ya ɓace. Ya faɗa a zaure.

Shugabansu Nafi'u, gajiya ta ci shi, ya ce, "Haba Baba! Yatsunka ne. Wata shida muna rubutu, kai ko layi ɗaya ba ka rubuta ba. Ka ce ya yi kawai, in ba haka ba sai dai mu cire ka."

Jama'a, "ya yi" nawa take? Kalma biyu ce, ya faɗa ya tsira da wurin hirarsa. Ya zauna a tabarma bayan la'asar, yana juya waya. Can sai ya danna ya yi magana.

"Nafi'u, matata Hajo shekara talatin tana ungozoma. Yatsunta irin nawa ne, daka da noma suka mai da su haka. Wata rana ruwa ya jiƙa takardar da take rubuta ranaku, ranar awon wata mata ta wuce ba a sani ba. Matar ba ta tashi ba. Har Hajo ta koma ga Allah ba ta daina ambaton ta ba. Duk lokacin da na taɓa wayar nan, da yatsunta nake taɓawa. In na ce ya yi, na yi ƙarya. Ku cire ni, ba komai, amma ku raba wuraren nan biyu."



Washegari da hantsi sai ga Nafi'u a ƙofar gida. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya ce, "Baba, ka yafe mini. Mun ɗage ranar." Ya buɗe kwamfuta nan kan tabarma, yana gyarawa, tsoho yana dannawa, har sai da ya ce, "Yauwa, yanzu na gane."

Nafi'u ya ce, "Za mu sa sunanka cikin waɗanda suka gina manhajar nan."

Malam Jatau ya share ido da hannun riga, ya ce, "Ka fara da na Hajo."

To 'yan'uwa, kada ku raina aikin wanda bai iya irin aikinku ba. Mai gwadawa ya yi gini, mai fassarawa ya yi gini, mai amsa wa baƙo tambaya shi ma ya yi gini. A wurin aikinka, a masallacinku, a gidanka, akwai wanda gaskiyarsa take ƙosar da kai, alhali ita ce take kare ka. Kada ka bari sai ya tafi sannan ka san darajarsa. Ka je yau, ka cire takalmi, ka durƙusa. Allah Ya ba mu idon ganin su tun suna tare da mu.