Ƙwaryar Yalwa da Karsanar Cindo

Ku gyara zama. Wannan ba ta Gizo ba ce, ta mutane ce irinmu, kuma in na kai ƙarshe ku ne alƙalai. Mai gyangyaɗi ya je ya wanke ido tun yanzu.

A wani ƙauye na bakin kogi an yi wani dattijo, Malam Cindo, manomin shinkafa. Gonarsa tana tsallake, sai da kwalekwale ake zuwa. Shekara arba'in yana haye ruwan nan safe da yamma, har yakan ce ko an ɗaure masa ido zai kawo kansa gida. To, baki shi ke yanka wuya. Da tsufa ya zo sai dundumi ya kama shi, rana na faɗuwa ganinsa ya bi ta. 'Ya'yansa uku, Hajo da Tanimu da Shekarau, suka yi magiya har suka gaji a kan ya bar musu gonar. Ya ce shi ba kaza ba ne da za a kulle a akurki tun la'asar. Kun san tsoho in ya kafe, sai dai a bi shi da addu'a.

Matarsa Yalwa ta rasu shekara shida kafin wannan. Mace ce mai son ado, jeren ɗakinta tun daga ƙasa har rufi. Da aka zo rabon kayanta, kowace 'yar'uwa ta ɗauki kwalla da tasa masu ƙyalli, aka bar wata babbar ƙwarya sassaƙaƙƙiya mai zane a jiki wadda kakarta ta ba ta ranar aure. Ƙwaryar jere ce, ba a taɓa dama fura a cikinta ba, aikinta kawai a gani a yaba. Amma ta tsage tun daga baki har gindi, ba wanda ya so ta, aka kife ta bayan rumbu aka manta.

Hajo ce babba, tana aure nan cikin ƙauyen. Wata rana ta zo share wa mahaifinta gida, ta ɗaga wani tsohon zana, sai ga ƙwaryar, gara ta fara gina gida a kanta. Saura kaɗan da ta zama ƙasa. Hajo ta zauna a wurin ta yi kukanta ta more, don ta tuna yadda uwarsu ke goge ƙwaryar nan kowace Juma'a, tana hana su taɓawa. Ta kai ta gida ta kankare, ta wanke, ta shanya a inuwa. Ta ɗauko basilla da zaren kaba ta yi mata ɗinki irin na da, ƙanana ƙanana, wanda yanzu ko mace ɗaya cikin goma ba ta iya ba. Kwana tara tana yi, basilla ta huda mata yatsa ba sau ɗaya ba. Sannan ta bi ta da man kaɗanya, ta shafa ta sake shafawa, har ruwa in ya zuba a bayanta sai dai ya gangare. Da ta gama ta rasa inda za ta sa ta, don nata ɗakin roba ce da tangaran, sai ta mayar gidan uba ta jingine a zaure.

Tanimu, na biyun, shi ne mai gyaran tocila da rediyo a kasuwa. Mutum ne da ba ya ganin abu ya bar shi yadda yake, tun yana yaro yake kwance kayan mutane yana shan duka. Ya ga ƙwaryar a zaure, ya juya ta, ya ɗaga ta sama, sai wata dabara ta faɗo masa. Ya daɗe yana rataya wa mahaifinsu ƙwan sola a ƙofar gida don kada ya yi tuntuɓe in ya dawo daga masallaci, amma duk damina ruwa sai ya shiga ya kashe shi, ya sayi uku an yi asara. Sai ya gasa ƙusa a garwashi, ya bi zanen nan na ƙwaryar yana hudawa, ɗigo bayan ɗigo, bai kauce wa layin masassaƙi ko sau ɗaya ba. Ya kife ta, ya sa ƙwan da batir a ciki inda ruwa ba zai kai ba, ya ɗaura ɗan faifan sola a bisa, ya zura igiya ya rataye a reshen darbejiyar ƙofar gida.

Da Malam Cindo ya dawo ya gani, ransa ya ɓaci ƙwarai.

"Ƙwaryar jeren uwarku ce ka huda kamar rariya? Ka kuma rataye ta a waje, kowane mai wucewa yana kallo?"

"Baba, a bayan rumbu ma ai waje take," in ji Tanimu, kansa a ƙasa.

Tsohon bai amsa gaisuwarsa ba kwana biyu. Amma a rana ta uku, da magariba ta yi ƙwan ya kama da kansa, zanen ƙwaryar ya zubo a ƙasa, ɗigon haske ya baibaye dakalin da yake zama. In iska ta kaɗa ta, sai hasken ya riƙa ƙiftawa yana yawo. Cindo ya zo ya zauna a kan dakalin. Bai ce ya huce ba, irinsu ba sa faɗa, amma daga ranar a ƙarƙashinta yake cin tuwo.

Shekarau ne auta, magidanci ne shi ma da 'ya'ya biyu, masunci, mai ƙarfi kuma ba mai yawan magana ba. Shi bai sa hannu a ƙwarya ba ko kaɗan. Ya dai ce ta yi kyau, ya wuce. Nasa aikin yana gaba.

Ranar da abin ya faru, tsakiyar damina ce, kogi ya cika ya batse. Cindo ya tsaya cire ciyawa bai lura ba, hadari ya taso daga gabas tun la'asar sakaliya, gari ya yi duhu kafin lokacinsa. Ya shiga kwalekwale ya kai tsakiyar ruwa, sai sama ta ɓalle. Ga ruwa bisa, ga ruwa ƙasa, ga dundumi. Gaba da baya suka zama ɗaya gare shi. Can ya hango wani haske ƙasa ƙasa, ya ce gida ke nan, ya juya filafili ya nufe shi. Ashe fitilar injin niƙa ce ta wata tungar masunta da ke can gangare, kuma tsakaninsa da ita akwai duwatsun da ruwa ke juyi, inda ko matasa ba sa bi da rana tsaka.

A wannan lokacin mutanen ƙauye sun taru a mashigi, kowa da tocilar wayarsa, suna kira suna haskawa. Iska ta kwashe muryoyin, ruwa ya haɗiye 'yan fitilun. Shekarau ya duba ya ga wannan ba za ta fisshe su ba. Ya san ruwa, ya san wanda ke tsakiyar kogi ba ya ganin abin da ke ƙasa, sai abin da ke sama. Ya ruga gidan mahaifinsu ya kwance ƙwaryar daga darbejiya, ya ɗaura igiyar a wuyansa. Akwai wata doguwar bishiyar giyayya a bakin mashigi da ambaliya ta riga ta zagaye. Ya faɗa ruwa har ƙirji, ya kama ta ya hau, ga santsi, ga iska, ga tsawa, mata suna salati a ƙasa. Reshe ɗaya ya karye da shi ya yage masa cinya, bai sauko ba. Sai da ya kai ƙololuwa ya rataye ƙwaryar, ya zauna a wurin ya riƙe reshen.

Cindo na cikin tuƙi, har ya fara jin rurin duwatsu bai gane ko mene ne ba, sai ya ga wani haske ta hannun hagu, can sama, yana ƙiftawa yana lilo. Duk faɗin kogin nan fitila ɗaya ce ke yin haka, kuma a ƙarƙashinta yake cin tuwo. Nan ya gane kuskurensa. Ya juya jirgin da iyakar ƙarfin da ya rage masa, yana tuƙi yana hawaye, ya ce, "Ya Ubangiji, wanda duk ya yi sanadin hasken nan, in na taka ƙasa, karsanata tasa ce." Karsanar nan ita ce abin da ya fi so cikin dukiyarsa, da hannunsa yake ba ta dusa.

Ya taka ƙasa kuwa. Aka ciro shi yana rawar ɗari, ya faɗi ya yi sujada a cikin laka, ya tashi ya rungume duk wanda ya samu, har da waɗanda ba sa ga maciji da shi.

Washegari ya sa aka kira 'ya'yansa, ya kwanto karsana ya riƙe igiyar a hannu. Da yake cikin ruwa ya ɗauka mutum ɗaya ne, shi ya sa ya yi alkawari ga mutum ɗaya. Yanzu ga mutum uku a gabansa. Ya dube su ya ce, "Na gode wa Allah, na gode muku. Ban san na haifi mutane ba sai jiya. Amma bakina ya riga ya faɗa, ɗaya zan ba."

Shekarau ya ce, "Baba, ni dako kawai na yi. A ba Yaya Tanimu, ba don shi ba da hannu wofi zan hau."

Tanimu ya ce, "Ƙwan da na sa, uku irinsa ruwa ya kashe mini. Ƙwarya ce ta tsare shi, ita ta sa ka gane shi. A ba Yaya Hajo."

Hajo ta ce, "Ni na ɗinke ta ne don kewar Inna, na jingine a zaure. Da can za ta zauna har gobe. A ba wanda ya zubar da jininsa."

Kun ji irin rigimar da kowane uba zai so a yi a gidansa, amma rigima ce dai, don ta bar tsoho tsaye da igiya a hannu. Kada wani mai wayo a cikinku ya ce a sayar a raba uku, an faɗa masa haka, ya ce bai yi alkawarin cinya da ƙafa ba, saniya sukutum ya ambata. Ya daina haye ruwa, wannan kam an samu. Karsana kuwa tana nan ɗaure, kullum da safe ya kai mata dusa, ya tsaya yana kallonta, ya koma bai yanke ba.

Ba don Hajo ba, gara ta cinye ƙwarya. Ba don Tanimu ba, ƙwarya ce kawai a zaure. Ba don Shekarau ba, tana can tana haska dakali mai shi yana cikin duwatsu. To, ku da kuka ji da kunnenku, a hannun wa Malam Cindo zai sa igiyar nan?