Falle Biyun Da Tela Ya Nema

Jama'a, kun ce ba abin da na iya sai ɗora hoton sabuwar hulata. Na ji, na kuma yafe, don na san kyan hular ne ya tsone muku ido. Yau ga labari.

Akwai wani tela da ake ji da shi a unguwarsu, mutum ne da ko salla zai tafi tef ɗin awo na rataye a wuyansa. Ya sayi gungumen icce da aka riga aka sassaƙe gefunansa huɗu, ya kai wurin injin yanka katako, yana so a fitar masa da fallayen da zai yi kantoci a shago.

Kafin a ɗora gungumen sai da ya auna kaurinsa. Inci goma sha biyu cif.

"Baba, falle goma sha biyu nake so, kowanne inci guda," ya ce wa dattijon da ke kan injin.

Injin yana ruri, Baba Mai Zarto ya faɗi wata magana, tela bai tsaya ji ba, ya tafi shan shayi.

Da ya dawo ya ƙirga. Goma. Ya sake ƙirgawa daga ƙasa. Goma dai.

Nan fa ya ɗaga murya har aka kashe inji. "Ina falle biyuna? Ni za a yi wa wayo da awo? Shekara ashirin ina yanka yadi!"

Mai wurin ya fito daga ofis ransa a ɓace. Ya ce shi ba ya zama da mai ɗan hali, in har ta tabbata katako ya yi ƙafa, yau Baba zai ajiye aiki. Baba kuwa a kan injin nan ya yi furfura, da shi yake ciyar da gida.

Ni da a ce ni ne, da tuni an riƙe ni. Amma Baba sai ya kaɗe ƙurar gemunsa, ya yi murmushi.

"Ɗana, ara mini tef ɗin nan naka."

Ya ɗauko wani guntun katako, ya sa tela ya auna da hannunsa. Inci shida. Ya tada inji, ya tura guntun, zarto ya raba shi biyu. Ya haɗa ɓangarorin ya miƙa masa.

"Sake aunawa."

Tela ya auna, ya goge tabarau, ya sake aunawa. Shida ba ta cika ba, kusan kwatan inci ya tafi.

"Almakashinka rabawa kawai yake yi," in ji Baba. "Zartona kuwa haƙora gare shi, duk inda ya bi sai ya ci kaurinsa. Sau tara ya ratsa gungumenka. Abin da na gaya maka ke nan ɗazu, shayi ya ja ka."

Sannan ya duƙa ƙarƙashin injin, ya cika buhu da garin katako, ya ɗaure baki, ya jingina shi a ƙafar tela.

"Ga falle biyunka. Ka ƙirga a gida."

Wurin ya kaure da dariya. Wani lebura har da zama a ƙasa yana riƙe ciki. Mai wurin ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Tela ya kama hannun Baba da hannu biyu. "Ka yafe mini, Baba. Wallahi na ɗauki alhakinka. Rigar aiki biyu zan ɗinka maka, kyauta."

"Na yafe, ɗana. Amma tunda ni na mayar maka da ragowar katakonka har da ƙurarsa, ina ragowar yadin da matata ta kawo maka bara?"

Tela ya ɗora buhunsa a ka, ya ce ana jiransa a shago.

Darasi: Ƙwarewarka a sana'arka ba ta sa ka san ta wani. Kafin ka kira mutum ɓarawo, tambaye shi yadda aikinsa yake, don abincin iyalinsa na iya tafiya a kan kalmarka guda. Kai kuma da aka zarga, haƙuri da hujja sun fi hayaniya wanke ka. Ku tura wa 'yan uwa, musamman telanku.