Mutum Huɗu da Dorina

Jatau matuƙin jirgin ruwa ne, yana jigila daga Yawuri har Yamai, shi da ƙanensa kaɗai. Ran nan dorina ta fasa musu jirgi, da ƙyar suka sha. Kamfanin inshora ya ƙi biya, magana ta kai gaban alƙali.

Manajan kamfanin ya ce, "Allah ya gafarta malam, da su huɗu ne a jirgin, da sun kore ta. In yana musu, ya kawo shaidar cewa mutum huɗu ba za su iya ba."

Alƙali ya dubi Jatau. "Kana da shaida?"

"Dorinar tana nan da ɗanta, Allah ya gafarta malam. Manaja ya zaɓo ƙarfafa uku daga ofishinsa, shi ne cikon na huɗu. Zan aro musu jirgi, in nuna musu wurin. In sun kore ta, na yafe."

Manaja ya zabura. "Kashe mu za ka yi? Dorina mai jego? Ai ko mutum ashirin ba sa tare ta!"

Alƙali ya danne dariya, ya ce a biya Jatau.

Jatau ya rusuna wa manaja. "Na gode, yallaɓai. Shaidar huɗu aka nema, ka yi mini gyaran sha shida."